Me ya sa jan bulo ke tsagewa a tanderu, cikinsa ya fito baƙi?

Tambaya: Ina gasa jan bulo da itace. Duk gashi sai na tarar da yawa sun tsattsage, wasu kuma in an fasa, waje ja ne amma tsakiya baƙi ƙirin. Ina matsalar take?

Amsa: Malam, duka biyun gaggawar wuta ce ke jawo su. Bulo ko ya bushe ƙamas a ido, akwai sauran ruwa a cikinsa. Saboda haka wutar farko 'yar kaɗan ake yi, kada zafi ya wuce digiri 200 na Salshiyas har sai tururi ya ƙare, ko da za a kwana a wuni a haka. Ga yadda za ka gane: zura sandar ƙarfe mai sanyi a mafitar hayaƙi, ka zaro. In ta fito da raɓa, da saura. In ka ƙara itace a lokacin, sai ruwan ya zama tururi a cikin bulon, ya rasa hanyar fita, ya fasa shi.

Wuri na biyu mai haɗari shi ne digiri 573. A nan yashin da ke cikin yumɓu yake kumbura farat ɗaya, in zafi na sauka kuma ya tsuke a daidai nan. Shi ya sa buɗe tanderu da wuri ɓarna ce: a toshe ƙofofin wuta, a bar shi ya huce da kansa na kwanaki. 

Baƙin tsakiya kuwa, ragowar saiwoyi da ciyawa ne da ba su ƙone ba. Suna buƙatar iska da lokaci kafin zafi ya kai digiri 900. In wuta ta yi sauri, fatar bulon ta riga ta toshe, iska ba ta shiga. Bar tazarar yatsa tsakanin bulo da bulo wajen jerawa, kuma kada ka cusa itace har hayaƙi ya yi baƙi. Daga nan a kai zafi 900 zuwa 1,050, gwargwadon yumɓun, a riƙe shi sa'o'i.

Wanda ya fashe makonni bayan gashi, ka ga farin gari a ramin, wannan ba laifin wuta ba ne. Tsakuwar farar ƙasa ce ta sha danshi ta kumbura. Tankaɗe yumɓu kafin kwaɓi shi ne maganinta.