Kun Tambaya, Mun Amsa: Shiga Firitawun a Kan Keke

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu biyu ne muke shirin doguwar tafiya a kan keke, daga Katsina mu gangara Legas, mu bi gaɓar teku ta Kwatano, Lome, Akara, Abijan da Monrobiya, mu ƙare a Firitawun, babban birnin Saliyo. An ce mana garin a jikin duwatsu yake. Kekunanmu masu giya ne, kowa da kaya wajen kilo 25. Me za mu gyara, kuma yaya za mu zaga garin? Daga mai karatunku a Ƙofar Soro, Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Wanda ya gaya muku haka ya yi gaskiya. Firitawun a matse yake tsakanin teku da tsaunuka, shimfiɗaɗɗen wurin siriri ne, da ka bar bakin ruwa kaɗan sai hawa. Ƙafar da ta saba da hanyar Katsina zuwa Daura ba ta san wannan aikin ba, haka ma keken.

Ku fara da giya. Ku ƙirga haƙoran ƙaramin faifan gaba, na wajen feda, da na babban faifan baya. Abin da kuke nema shi ne na gaba ya zama 22 ko 24, na baya 32 zuwa 36. Da 24 a gaba, 34 a baya, a kan taya mai inci 26, juyin feda ɗaya zai kai ka wajen mita ɗaya da rabi. Keken da ba shi da giya, irin na masu kai kaya kasuwa, yana cin fiye da mita 5 a juyi ɗaya. Wannan tazarar ce ke raba mai hawa a zaune da mai turi yana haki. In kana juya feda sau 60 a minti a wannan giyar, tafiyarka kilomita 5 ce da ɗoriya a awa, kamar mai sauri a ƙasa, kuma hakan ya isa. A sa sabuwar sarƙa tare da sabon faifan baya, domin sabuwa a kan tsofaffin haƙora tsalle take yi daidai lokacin da ka danna da ƙarfi. Ka kuma sauya giya tun kafin hawan ya kama ka, kana sassauta ƙafa. Sauyawa a tsakiyar tudu da dukkan nauyinka a kan feda ita ke tsinka sarƙa.

Amma abin da ya fi damunmu gangara ce. Mutum mai kilo 70, keke 15, kaya 25, kilo 110 ke nan ke neman ƙasa, kuma duk wannan ƙarfin birki ne ke mayar da shi zafi. In birkinka na roba ne mai kama gefen gargare, ka riƙe shi ba saki tun daga sama, gargaren zai yi zafi, iskar cikin tayar ta buɗe, robar birkin ta yi santsi ta daina kamawa, wani lokaci tayar ta fashe. Mai birkin faifai ma bai tsira ba: faifan kan yi zafi har kamun ya ragu. Maganin shi ne ka kama da ƙarfi na ɗan daƙiƙoƙi har gudu ya ragu sosai, ka saki, ka sake kamawa. Birkin gaba shi ke yin mafi yawan aikin tsayawa, saboda haka ka ja mazauninka baya a kan sirdi, ka miƙe hannuwa, ka matsa shi a hankali, ba fizga ba. A doguwar gangara ka tsaya lokaci-lokaci ka kai bayan hannunka kusa da gargaren. In ka ji hucin da ba za ka iya taɓawa ba, ka jira ya huce. Faifan birki kuwa kada ka taɓa shi sam, yana ƙona fata nan take. Ka rage gudu kafin kwana, ba a cikinta ba. Kuma in gargarenka na ƙarfe ne mai ƙyalli, ka canza shi da na alminiyam tun a gida, domin da ruwa ya taɓa shi birkin roba kusan ba ya aiki.

Ku gwada duk wannan da kayanku a ɗaure kafin ku bar Najeriya. Rana biyu a Hawan Kibo, kan hanyar Jos, za su nuna muku abin da wata guda a Katsina ba zai nuna ba.

Daga Laberiya za ku tsallaka kogin Mano ku shiga Saliyo ta Jendema, ku bi ta Bo da Masiaka har Waterloo, inda ya rage kimanin kilomita 30 zuwa tsakiyar gari. Sunayen unguwanni mun bar su yadda za ku gan su a allunan hanya. Gaba da Waterloo kaɗan hanya ta rabu biyu. Ɗaya ta bi gabashin gari ta Wellington da Kissy, ba hawa sosai amma cunkoso ya yi yawa: manyan motocin tashar jiragen ruwa, 'yan acaɓa, masu adaidaita, da ƙananan bas da suke kira poda-poda masu tsayawa ba sanarwa. Ɗayar ta hau tsauni ta Grafton da Regent ta sauko yamma. Da kaya a kariyar keke, mu ta Kissy za mu zaɓa muku, ku kwana a Waterloo ku tashi bayan sallar asuba kafin hanya ta cika. Hannun tuƙi irin namu ne, dama.

Da kun sami masauki ku sauke kaya gaba ɗaya. Keken da ba kaya wani keke ne daban. Ranar farko ku ba ƙafa hutu a bakin tekun Lumley zuwa Aberdeen, hanya ce shimfiɗaɗɗiya. Tsakiyar gari kuwa da ƙafa ya fi daɗin gani: gidan tarihi na ƙasa yana dab da inda tsohuwar rimin nan da garin ya shahara da ita take, wadda guguwa ta kayar a watan Mayun 2023. Sai rana ta biyu ko ta uku ku hau tsaunin Mount Aureol, inda kwalejin Fourah Bay take, wadda aka kafa a 1827, Samuel Ajayi Crowther, bishop ɗin nan ɗan asalin Najeriya, na cikin ɗalibanta na farko. Daga can za ku ga rufin kwanon garin yana gangarawa har bakin ruwa, da jirgin fito mai zuwa ɓangaren Lungi a tsallaken ruwa. Wanda ƙafarsa ta yarda ya ƙarasa ƙololuwar tsaunin Leicester Peak. Ku hau da sassafe, kowa da ruwa lita 2, a zuba garin gishiri da sukari na kemis a gora ɗaya. Zafin can ba irin namu ba ne mai busar da gumi. Iska a jiƙe take, gumi na zuba amma jiki ba ya hucewa.

Iskar teku gishiri ce, tana cin sarƙa da wayar birki cikin 'yan kwanaki. Duk bayan kwana biyu ko uku a goge sarƙa da tsumma, a ɗiga man sarƙa a kowace gaɓa, a juya feda baya, sannan a goge na waje tas. Baƙin mai da masu gyaran gefen titi ke shafawa yashi yake kwasowa ya zama kamar magogi. Kada a shiga da keke cikin yashin teku, in kuma ya shiga a wanke da ruwan famfo. A jakar gyara a riƙe robar birki saiti biyu, wayar birki da ta giya ɗaya-ɗaya, robar cikin taya biyu, faci da sholisho, wayoyin gargare guda huɗu daidai tsawon naku, da mahaɗin sarƙa.

Tambaya: Ɗana ne ya nace zai yi irin wannan tafiya zuwa Saliyo a hutun damina. Hankalina bai kwanta ba. Wane lokaci ya dace, kuma me zai riƙe? Daga wata uwa a Daura.

Amsa: Hajiya, ki hana shi zuwa da damina. Ruwan Firitawun yana farawa wajen Mayu ya kai Nuwamba, ya fi tsanani a Yuli da Agusta, kuma abin da ke sauka a shekara ya ninka na Daura sau huɗu ko fiye. Titin tudu kan koma rafi, ruwa ya rufe ramuka da bakin kwalbati. A ranar 14 ga Agustan 2017 wani ɓangaren tsaunin Sugar Loaf ya zaftare a kan unguwar Regent, mutum sama da 1,000 suka mutu ko suka ɓace. Ya tsara tafiyarsa yadda zai isa tsakanin Disamba da Maris.

Saliyo tana cikin ECOWAS, ɗan Najeriya mai fasfo ba ya bukatar biza, yana iya zama har kwana 90. Ya riƙe katin rigakafin cutar shawara, mai ruwan ɗorawa, domin ana tambayarsa a kan iyakoki, da kwafin takardunsa a jaka daban cikin leda. Ya tafi da gidan sauro, zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa a gaɓar tekun, kuma da ya ji jikinsa ya yi zafi ya je a gwada jininsa kafin ya sake hawa keke. Ta fannin addini ki kwantar da hankali, Musulmi ne suka fi yawa a ƙasar, masallatai ba su da wuyar samu, musamman a unguwannin Fourah Bay da Foulah Town. Kuɗinsu liyon ne, kuma a 2022 an cire sifiri uku daga jikinsa, amma wasu 'yan kasuwa har yanzu da tsohon lissafi suke faɗin farashi. In aka ce masa dubu goma, ya tambaya tukuna kafin ya miƙa kuɗi, mai yiwuwa goma ake nufi. Ki sa shi ya yi miki alkawarin hular kwano, fitilar gaba da ta baya, da daina tafiya kafin magariba.