Dalilin da ya sa Pieter Zeeman ya samu lambar yabo ta Nobel

Malam, ka yi tambaya a kan abin da Pieter Zeeman ya gano har aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1902 tare da malaminsa Hendrik Lorentz. Zeeman masanin kimiyyar lissafi (fiziks) ne ɗan ƙasar Holan, an haife shi a 1865, ya yi karatu a Jami'ar Leiden, inda ya rubuta kundin digirinsa na uku a 1893 a kan yadda haske ke sauyawa idan ya dawo daga jikin ƙarfen da ke ɗauke da maganaɗisu.

Babban aikinsa ya zo a 1896. Ya sanya harshen wuta mai ɗauke da sinadarin sodiyam a tsakanin maganaɗisu mai ƙarfi, sai ya ga layukan hasken, wato siraran layukan da ke bayyana idan na'ura ta rarraba haske zuwa launukansa, sun faɗaɗa, daga baya kuma ya tabbatar da cewa rabuwa suke yi. Masanin kimiyya ɗan Ingila Michael Faraday ya gwada hakan a 1862, amma na'urorinsa ba su kai ba. Lorentz ya bayyana cewa ƙananan ƙwayoyi masu cajin lantarki da ke cikin atam ne ke haifar da hasken, shi ya sa maganaɗisu ke taɓa shi. A ganina, nan ne darajar binciken take, domin da shi masanin taurari George Hale ya gano maganaɗisu a baƙaƙen tabon rana a 1908.

Zeeman ya koma Amsterdam a 1897, ya zama farfesa a 1900, ya karɓi lambar yabo ta kimiyya ta Rumford a 1922, ya rasu a 1943.