Sankarar Mahaifiyarmu Ta Yi Nisa: Mu Faɗa Mata Ko Mu Ɓoye?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Mahaifiyarmu na fama da sankarar mama, kuma hoto ya nuna ta kai ƙashin baya da hanta. Likitanta ya ce za a iya ƙara kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, amma ba don ta warke ba. Yayanmu ya ce kada a faɗa mata, a sayar da gona a kai ta Masar. Ni ke jinyarta, kuma kaina ya ƙulle.

Amsa: Allah ya ba Hajiya sauƙi, ya ba ki ladan jinya.

'Yar'uwa, jikin nata ne, gonar ma wataƙila tata ce. Muddin tana cikin hayyacinta, aikinku shi ne ku taya ta yanke shawara, ba ku yanke a bayan idonta ba. Na san yayanku tausayi ne ya sa shi. Amma matar da aka yi wa kemo har gashinta ya zube, tana kuma ganin kuna yin shiru da zarar likita ya shigo, ta riga ta san akwai magana. Sau da yawa ita ma ɓoye muku take yi don kada hankalinku ya tashi, sai kowa ya zauna da nauyinsa shi kaɗai.

Ban ce ki zazzage mata komai lokaci guda ba. Ki samu sa'ar da ciwo ya lafa, ɗaki ba 'yan dubiya, ki tambaye ta: "Mama, ya kike ganin jikin nan? Kina so likita ya yi miki bayani da kansa, ko ya faɗa mana mu?" Idan ta ce a faɗa muku, to ita ta zaɓa, kuma ya isa. Idan ta ce tana son ji, ki bar ta ta ji iya abin da ta nema. Mai yiwuwa akwai bashin da take son biya ko wasiyyar da take son bari.

Ranar asibiti ku je da yayanku, ya ji da kunnensa. Ku tambayi likita dalla-dalla: wannan kemon me zai ƙara mata, watanni ko sauƙin ciwo? Wace wahala zai jawo? In ba a yi ba me zai faru? Ku kuma tambaya ko sankararta irin mai jin maganin hormon ce, wato maganin da ke tare sinadarin jiki da ke haɓaka ta, domin wasu ƙwaya irin tamoxifen ke riƙe su a gida tsawon lokaci. Batun Masar kuwa, kafin a taɓa gona a tura takardunta can a ji ko suna da abin da babu a nan. Sankarar da ta bazu haka, a Alƙahira ma rage ta ake yi.

Ku nemi a haɗa ta da masu kulawar rage raɗaɗi tun yanzu. Mutane na ɗauka sallama ce, ba haka ba ne: wani bincike da aka wallafa a 2010 kan masu sankarar huhu a Boston ya nuna waɗanda suka samu wannan kulawa da wuri sun fi jin daɗin rayuwa, har sun fi daɗewa. Ciwon ƙashi yakan lafa da gashin asibiti, wato ƙona sankara da hasken na'ura (radiotherapy), wani lokaci zama ɗaya, kuma akwai cibiyoyinsa a asibitocin koyarwa na Zariya da Sakkwato. In an rubuta mata mofin na sha, wato maganin kashe ciwo mai ƙarfi, ki ba ta a kan lokaci, kada ki jira sai ta yi kuka. Yana ƙulle ciki, don haka ki karɓi maganin saukar da bahaya tare da shi.

Abu ɗaya ba ya jiran taron dangi: idan ƙafafunta suka fara sanyi ko nauyi, ko fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa zuba, ku kai ta asibiti a ranar. Alama ce ta sankarar na danne laka, kuma jinkirin kwana ɗaya na iya hana ta sake tafiya.