Ruwan ƙirji ga mai sankara: zuƙewa ce ke dawo da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekara 2 ke nan mahaifiyata tana fama da sankarar mama. Kwanan baya numfashi ya riƙa sarƙe mata, aka yi hoto aka ce ruwa ne ya taru a gefen huhunta na dama. Sau 2 ana zuƙewa yana dawowa. Yanzu dangi sun ce kada mu sake yarda, wai zuƙewar ce ke kiran ruwan. Mene ne gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba Mama lafiya, ya saka muku da alheri a kan jinya.

Zuƙewa ba ta kiran ruwa. Ko an taɓa shi ko ba a taɓa ba, zai ci gaba da taruwa muddin abin da ke kawo shi yana nan.

Ruwan ba a cikin huhu yake ba. Akwai tantani mai ruɓi biyu, ɗaya ya lulluɓe huhu, ɗaya ya shimfiɗu a jikin haƙarƙari, tsakaninsu kuma ɗan ruwa ne da bai wuce cokali ɗaya ko biyu ba, wanda jiki ke zubawa yana kwashewa kullum. Idan ƙwayoyin sankara suka sauka a tantanin, sai su toshe magudanan da ke kwashewa, su kuma sa jijiyoyin jini su riƙa tsatsafowa. Kamar kwata ce ta toshe ana tsakiyar damina. Sankarar huhu, ta mama da ta kaluluwa ne suka fi jawo wannan. Shi ya sa ƙwayoyin sa fitsari irin su Lasix, masu rage kumburin ciwon zuciya, ba sa wani tasiri a nan.

Abin da zan so ki tambaya tukuna: an kai ruwan ɗakin gwaji kuwa? Ina nanata wannan domin a wajenmu tarin fuka ma yana tara irin wannan ruwa, kuma mai sankara ba ta tsira daga kamuwa da shi ba. Gwajin farko yakan gano ƙwayoyin sankara ne a wajen mutum 6 cikin 10 na waɗanda ruwansu na sankara ne, saboda haka idan an ce ba a ga komai ba, zance bai ƙare ba. Akan maimaita, ko a gutsuro ɗan tantanin a duba.

Idan ya tabbata na sankarar ne, yawanci yakan dawo cikin wata guda bayan an zuƙe. Kuma kada ranki ya ɓaci in kin ga likita ya tsaya alhali akwai saura: ba a son wuce lita 1 da rabi a zama ɗaya, don kada huhun ya buɗe da gaggawa ya jiƙe.

Tunda na Mama ya dawo sau 2, a ganina lokaci ya yi da za a daina sukan allura kowane wata, a nemi abin da zai daɗe. Hanya ta farko ita ce a sa roba a ƙirji a tsiyaye ruwan tas, sannan a zuba magani, galibi wata tsaftatacciyar hoda da ake kira talk, wadda ke manne tantanin biyu har ruwa ya rasa wurin zama. Takan kawo zafi da zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu, amma tana yi wa akasarin marasa lafiya aiki. Sharaɗinta ɗaya: sai huhun ya buɗe ya taɓa haƙarƙari bayan an kwashe ruwan. In ya ƙi buɗewa, akwai siririyar roba da ake bari a jiki ana tsiyayewa a gida, sai dai ba kowane asibiti ke da ita ba. Ku nemi a tura ku wajen likitan tiyatar ƙirji a asibitin koyarwa.

Ba zan ɓoye miki ba, in dai na sankarar ne, ruwan nan alama ce cewa ciwon ya yaɗu, kuma waɗannan hanyoyi sauƙin numfashi suke kawowa, ba warkewa ba. Amma sankarar mama tana cikin waɗanda kan ji magani, kuma idan kemo (maganin kashe ƙwayoyin sankara) ko ƙwayoyin daƙile sinadarin mata suka karɓe ta, ruwan kansa yakan ja baya. Ku koma wurin likitan sankararta da sakamakon gwajin a hannu.

Kafin nan, a tokara mata matasai ta riƙa kwana a kishingiɗe. Idan haki ya kama ta tana zaune, ko zazzaɓi ya taso, ko wurin allurar ya fara fitar da mugunya, a kai ta asibiti a ranar, ko da dare ne.