Yauni ɗan'uwan kifin wuƙa na Amazon ne?

Tambaya: Malam, mahaifina masunci ne a Yauri. Na ga hoton wani kifi na kogin Amazon da ake kira kifin wuƙa, mai kama da yauninmu sak, har an ce yana da lantarki. Danginsu ɗaya ne? Daga wani ɗalibi a Birnin Kebbi.

Amsa: Ɗana, kama da wane ba ta wane ba ce. In Baba ya kamo yauni, wanda wasu ke kira ɗan sarki, ka duba shi da kyau: doguwar ƙayarsa ta iyo a gadon baya take, tun daga wuya har kusa da wutsiya. Ta kifin Amazon kuwa a ƙasan ciki take. Kowannensu kaɗa ta yake yi ya tafi gaba ko baya ba tare da ya lanƙwasa jiki ba, shi ya sa ido ke ruɗuwa.

Masanin Faransa Georges Cuvier ne ya raɗa wa yauni suna Gymnarchus niloticus a 1829. Gidansu, Gymnarchidae, shi kaɗai ne a ciki, ba wa ba ƙane. Babbar zuriyarsu ita ce Osteoglossiformes, kifaye masu ƙashi a harshe, kuma bargin da ka sani a kasuwa yana cikinta. Na Amazon 'yan Gymnotiformes ne, waɗanda ma sun fi kusa da tarwaɗa.

Batun lantarki gaskiya ne, kuma nan ne abin ya fi burge ni. Yauni ma yana da shi, sai dai ba ya jan mutum kamar minjirya, don ba shi da ƙarfi. A 1951 Hans Lissmann na Jami'ar Kambirij ya gano cewa wutsiyarsa na fitar da siririn lantarki, kusan bugu 300 a daƙiƙa, dare da rana. Da shi yake gane dutse, saiwa ko ƙaramin kifi a cikin ruwa mai dauɗa. Kifin kogunanmu ne, na Kwara da Binuwai da Tafkin Chadi da Nilu, ya buɗe wa duniya wannan fannin ilimi.

Ina da roƙo ga Baba. Da damina yauni kan haɗa sheƙar ciyawa mai yawo a kan ruwa, ya zuba ƙwai kusan 1,000, ya tsaya gadi. A lokacin ya fi sauƙin kamu, kuma in aka ɗauke shi, ƙwan sun zama abincin wasu. A bar shi ya ƙyanƙyashe tukuna.