Ƙanin da ya yi ƙiba bayan fara maganin ƙwaƙwalwa

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kin ce ƙaninki yana shan olanzapine saboda sikizofiriniya, wani nau'in taɓin hankali, ya ƙara kilo 7 cikin wata huɗu, ga mahaifiyarku da ciwon suga, shin a tsayar da maganin? Don Allah kada a tsayar. Yanke shi farat ɗaya ne ke dawo da ciwon.

Damuwarki dai tana kan hanya. Olanzapine da clozapine su suka fi buɗe ciki da jawo ƙiba da hawan suga, risperidone yana tsakiya, aripiprazole da haloperidol sun fi sauƙi ta wannan fanni. Masu sikizofiriniya sun fi sauran mutane kamuwa da suga ninki biyu zuwa uku. Idan nauyi ya ƙaru da kashi 5 cikin 100, wato kilo 3 ga mai kilo 60, lokacin komawa wurin likita ya yi, nasa kuwa ya wuce haka.

Ku je sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, ku nemi gwajin suga da safe kafin ya karya, bayan awa 8 ba ci. Idan gwajin ya nuna 5.6 zuwa 6.9 (mmol/L) gargaɗi ne, 7.0 zuwa sama sau biyu ciwon suga ne. A injin da ke nuna manyan lambobi (mg/dL), 126 ce daidai da 7.0. A haɗa da hawan jini da kitsen jini. Likita zai iya sauya maganin a hankali, ko ya ƙara metformin, maganin suga, wanda ake sha da abinci saboda yana sa tashin zuciya da zawo a farko.

A gida, abin sha ya fi tuwo ɓarna. Magungunan nan suna busar da baki, musamman idan an haɗa da benzhexol, maganin da ke rage sandarewa da rawar jiki, sai mutum ya yi ta kwankwaɗar lemon kwalba, zoɓo, kunun zaƙi da shayi mai suga cokali huɗu. A ajiye masa ruwan sanyi kusa, a dama fura ba suga. A rage malmalar tuwo, a ƙara wake, zogale da rama, kuma gidan gaba ɗaya ya ci haka, kada ya ji an ware shi. Tafiyar minti 30, kwana biyar a mako, bayan la'asar tare da wani, domin maganin yana kashe jiki da safe.

Idan yana shan taba, kada ya daina ba tare da sanin likita ba, saboda barin ta yana ƙara ƙarfin olanzapine a jini. Ƙishirwa mai tsanani, yawan fitsarin dare, ko ramewa da amai, a kai shi asibiti ranar, kada a jira ranar ganin likita.