Tambaya da Amsa: Zuwa Gondar da Lalibela, sai da ɗan jagora?

TAMBAYA: Anti salamu alaikum. Ni da maigidana za mu je Addis Ababa kan harkar kasuwancinsa, to muna da rarar kwana biyar, shine nace mu leƙa arewacin Habasha mu ga tsoffin gidajen sarakunan nan da tafkin Tana. Shi yace ba sai mun biya ɗan jagora ba wai Google Maps ya isa, ni kuma hankalina bai kwanta ba. Me kika gani? Daga wata mai karatu a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Gaskiya ina bayanki, ki lallaɓa maigida ku ɗauki jagora ɗan gari. Amma kafin komai, wuraren nan duk a yankin Amhara suke, kuma tun 2023 ake gwabzawa tsakanin sojojin gwamnati da 'yan bindigar Fano, don haka ku fara jin halin da ake ciki a satin da za ku tafi, in an ce ba lafiya ku haƙura kawai. In da hali, ku hau jirgin cikin gida daga Addis, kar ku bi mota.

Ku fara da Bahir Dar, bakin tafkin Tana, inda kogin Abay (wato Blue Nile) yake fitowa ya bi ta Sudan har ya haɗu da ɗan uwansa White Nile a Khartoum. Kwale-kwale mai inji ake shiga a je cocinan da ke Zege, wani yanki na gaɓar tafkin, irin su Ura Kidane Mehret, za ki ga masunta a ɗan jirginsu na ciyawa da suke kira tankwa, abin gwanin sha'awa wallahi. To kinga a nan jagora yake da amfani, saboda akwai tsibiran da mata ba sa shiga sam, kamar Daga Estifanos, waya ba za ta gaya miki ba sai kun ƙona mai kun isa a tare ki a bakin ruwa.

Gondar kuma nan ne fadar Fasil Ghebbi take, wadda sarki Fasilides ya fara wajen 1636, magadansa kowa yazo sai ya ƙara nasa gini a cikin ganuwar. Ba jagora, duwatsu kawai za ku gani. Kar ku bar cocin Debre Berhan Selassie, ki ɗaga kai ki ga rufin cike da zanen fuskoki sahu-sahu, duk inda kika tsaya kamar ke suke kallo.

Lalibela ita ce ta fi tsaya min a rai. Coci 11 aka sassaƙa a cikin dutse ɗungurungum, daga sama aka yi ta haƙa zuwa ƙasa, tun wajen ƙarni na 12 zuwa 13, kuma hanyoyin da suka haɗa su wasu ramuka ne masu duhun gaske, mutum shi kaɗai sai ya rikice. Garin na kan tudu sosai, ki tafi da rigar sanyi.

Takalmi ake cirewa a ƙofar kowace coci, matansu ma lulluɓi suke yi da farin mayafi, to hijabinki ba wanda zai kalla. Batun abinci, ki ce wa jagoran ya kai ku inda ake injera (gurasar Habashawa) da abincin azumin Kiristocinsu, ba nama a ciki, wake ne da ganye. Kuɗinsa kuma ku yi ciniki ku gama tun kafin ku fita daga otal, ku tabbatar ko har da na shiga wuraren da na kwale-kwale.